Daga Rufi Zuwa Gindin Bango: Shekara Ɗari na Gida da Wutar Daji a Kalifoniya

A watan Nuwamba na shekarar 1961, jaridun Amurka sun buga hoton wani mutum riƙe da tiyon ban-ruwan lambu yana jiƙa rufin gida, a daidai lokacin da wuta ke cin tsaunukan da ke bayan unguwar. Mutumin shi ne Richard Nixon, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, wanda shekara guda kafin nan ya sha kaye a zaɓe a hannun John Kennedy. Gidan yana unguwar Brentwood, cikin birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya, kuma an rufe shi da tsagaggen katako, irin rufin da masu hali na wancan zamani ke alfahari da shi. Abin da ya ƙara wa gidan kyau da tsada, shi ne ya fito da mazauninsa waje da tiyo a ranar da wuta ta zo. Tarihin gidajen Kalifoniya da wutar daji, tun daga 1923 har zuwa 2025, tarihi ne na ja-in-ja tsakanin abin da ido ke so da abin da wuta ke ci, da kuma yadda farashin gida ya yi jinkiri matuƙa kafin ya fara bin maganar da ƴan kwana-kwana suka daɗe suna faɗi.

Ƙasa da iska

Ruwan sama a Kalifoniya yakan sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Afirilu. Daga nan sai fari na watanni, ciyawa da ƙananan itatuwan tsauni su bushe ƙayau. A ƙarshen wannan rani, musamman daga Satumba zuwa Disamba, wata busasshiyar iska takan taso daga cikin ƙasa, ta gangaro tsaunuka da ƙarfi ta nufi teku. A kudu ana ce mata Santa Ana, a yankin San Faransisko kuma Diablo. Wanda ya san iskar hunturu a Tawa ko Damagaram, ya san yadda take fasa leɓe ta kuma mayar da kara kamar ashana, zai gane irin aikin da waɗannan iskoki ke yi, sai dai su sun fi gudu. Yawancin manyan gobarar da suka ci garuruwa a jihar, cikin irin wannan iska aka yi su.

Ƙasa ce kuma mai yalwar manyan itatuwa, don haka tun ƙarni na 19 da katako ake gina yawancin gidaje. Rufin ma katako ne, wanda ake tsagawa falle-falle a jera shi kamar ɓawon kifi. Da farko arha ce ta sa aka rungume shi. Daga baya ya zama ado, har masu zanen gine-gine suka riƙa lulluɓe bango da rufi da shi domin gida ya saje da dajin da ke kewaye.

Darasin Berkeley

Ranar 17 ga Satumba, 1923, wuta ta tashi a cikin ciyawar wani kwari da ke bayan tsaunukan Berkeley, garin jami'a da ke gabas da San Faransisko. Iska ta tsallako da ita kan tudu, ta jefa ta cikin unguwannin da ke arewa da jami'ar. Cikin ƴan sa'o'i gidaje 584 suka ƙone, kimanin mutum dubu 4 suka rasa matsuguni. Ɗalibai sun yi ta kwashe kaya da littattafan malamansu, wutar kuwa ba ta lafa ba sai da iska ta juya, ta taso daga teku da danshi.

Masu binciken kamfanonin inshora da suka ƙirga kangwayen sun gano cewa daga cikin gidajen nan 584, guda 540 rufin tsagaggen katako gare su. Yadda abin ya gudana a fili yake. Garwashi ya sauka a kan rufi, ya maƙale tsakanin falle da falle, rufin ya kama, sannan iska ta ɓalle fallayen masu ci ta yi gaba da su zuwa wasu rufin da ke nesa. Kowane gida da ya kama sai ya zama mai raba wuta ga na gabansa. Majalisar garin ta kafa dokar hana irin wannan rufi, amma masu sana'ar katako suka tashi tsaye, ba a daɗe ba aka soke ta. An sake gina unguwannin, maganar kuma ta kwanta.

Bel Air da tsadar tudu

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, birnin Los Angeles ya bunƙasa, masu kuɗi suka haura tsaunukan Santa Monica domin iska da hangen teku. Gida a kan tudu, da rufin katako mai kauri, da itatuwa har bakin taga, shi ne gidan da ya fi kowane daraja a kasuwa. A wasu unguwanni ma ƙa'idar ƙungiyar masu gidaje ce ta wajabta rufin katako, don kada wani ya ɓata wa unguwa tsari ya karya wa maƙwabta farashi.

Ranar 6 ga Nuwamba, 1961, iskar Santa Ana ta koro wuta cikin unguwannin Bel Air da Brentwood. Gidaje 484 suka ƙone, har da na taurarin fim Burt Lancaster da Zsa Zsa Gabor. Ba a rasa rai ba, amma asarar ta girgiza birnin, kuma a ranakun ne aka ɗauki hoton Nixon. Wani nazari da aka yi daga baya a kan wannan gobara ya nuna cewa gidajen da rufinsu ba ya kama wuta, aka kuma share ciyayi mita 9 zuwa 18 a kewayensu, kashi 95 cikin ɗari sun tsira. Aka ƙarfafa dokokin share ciyawa, jihar ma a tsakiyar shekarun 1960 ta wajabta share mita 9 a kewayen gidajen da ke cikin daji. Rufin dai ya gagara taɓuwa. Masu sayar da shi suka fito da katakon da aka tsoma a maganin hana kamawa, suka ce matsala ta ƙare, ƴan kwana-kwana kuma suka ce rana da ruwa na cinye maganin. Sai a 1989, shekara 28 bayan Bel Air, birnin Los Angeles ya hana sabon rufin katako, masu sana'ar kuwa suka kai ƙara kotu.

Kafin a gama wannan shari'a, wuta ta koma inda ta fara. Ranar 20 ga Oktoba, 1991, wata wutar ciyawa da aka zaci an kashe ta tun jiya ta farfaɗo a tsaunukan Oakland, ƴan kilomita kaɗan daga inda aka yi gobarar 1923. Ta ratsa itatuwan turare da rufin katako, ta cinye gidaje dubu 2 da 843, ban da ɗakunan haya 437. Mutum 25 suka mutu, da yawansu a kan ƴan siraran hanyoyin tudu da motoci suka toshe. Duk wannan ɓarna a fili ne da bai wuce hekta 620 ba. A shekarar da ta biyo, 1992, majalisar jihar ta yi dokar da ta sa a zana taswirar wuraren da haɗarin wuta ya yi tsanani, domin a tsaurara ƙa'idar rufi da shara a cikinsu.

Mutumin da ya duba abin da bai ƙone ba

Har zuwa wannan lokaci, yawancin mutane sun ɗauka cewa katangar harshen wuta ce ke fitowa daga daji ta haɗiye gari. Wanda ya rusa wannan zato shi ne Jack Cohen, masanin wuta a hukumar gandun dajin Amurka, wanda ya yi aiki a ɗakin bincike na Missoula a jihar Montana. A ƙarshen shekarun 1990, a wani gwaji da aka yi a arewacin Kanada, an kafa bangayen katako a nisan mita 10 da 20 da 30 daga daji, sannan aka cinna wa dajin wuta har ta haura kan itatuwa. Waɗansu bangayen da ke mita 10 sun kama, amma na mita 20 da 30 ba su kama ba. Dalili shi ne, wutar daji komai tsawon harshenta ba ta daɗewa a wuri guda. Cikin minti ɗaya ko biyu ta wuce, zafin bai isa ya kunna bango mai nisa ba.

Cohen ya kuma bi kangwayen garuruwan da suka ƙone, kamar Los Alamos a jihar New Mexico a shekarar 2000, yana duba abin da wuta ta bari. Sau da yawa sai ya tarar gida ya zama toka, itatuwan da ke gefensa kuwa da ganyensu. Wannan ya nuna masa cewa garwashi ne ke yin aikin. Iska na ɗauko shi daga nisan kilomita ɗaya ko fiye, ta zuba shi kamar ƙanƙara, shi kuma ya nemi wurin zama: busasshen ganye a mazurarin ruwan rufi, tarin itacen girki a jikin bango, tabarmar bakin ƙofa, shingen katako da ya haɗe da gida, ko kafar shan iska da ke kaiwa cikin silin. Ƙaramar wuta ce ke fara ci a hankali, a lokacin da kowa ya gudu, babu mai zuba mata ko bokiti guda. Ya kammala da cewa makomar gida tana hannun gidan kansa da filin da ke kewaye da shi, kimanin mita 30.

Wannan magana ba za ta zama baƙuwa ga manomin ƙasar Hausa ba. An daɗe da sanin cewa tartsatsi ba ya yi wa soron ƙasa komai, amma jinka da zana da darni ba su da haƙuri da shi, kuma harawa ko karan da aka tara a kan rumfa kusa da murhu su ne kan ja wa gida masifa cikin hunturu. Shi ya sa ake share gindin rumbu bayan kaka, shi ya sa kuma a yankin makiyaya na arewacin Tawa da Maraɗi da Damagaram ake share dogayen hanyoyin tare wuta da zarar damina ta ɗauke. Bambancin shi ne, a Kalifoniya sai da aka auna abin da ma'auni, aka rubuta shi da alƙaluma, kafin hukuma ta yarda ta mayar da shi doka.

Dokar 2008

A watan Oktoba na 2003, gobarar Cedar a yankin San Diego ta kashe mutum 15, ta ƙone gidaje fiye da dubu 2 da 200. Bayanta ne, daga 2005, aka faɗaɗa filin da doka ta wajabta a share daga mita 9 zuwa mita 30. A 2008 kuma wani sabon babi na dokar gine-ginen jihar, wanda ake kira babi na 7A, ya fara aiki a wuraren haɗari. Ya shar'anta rufi mai juriyar wuta, da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a kan kafofin shan iska, da gilashin taga mai jure zafi, da bango da baranda na kayan da ba sa saurin kamawa. Bahaushe ya ce tun ran gini tun ran zane. Wani bincike da cibiyar Headwaters Economics ta fitar a 2018 ya nuna cewa in tun daga tushe aka bi irin waɗannan ƙa'idoji, kuɗin ginin bai bambanta sosai da na gidan da aka saba yi ba.

Jarrabawar dokar ta zo ranar 8 ga Nuwamba, 2018, lokacin da wayar lantarki ta haddasa gobarar Camp, wadda ta shafe garin Paradise a arewacin jihar. Mutum 85 suka mutu, gine-gine sama da dubu 18 suka ƙone. Ƴan jaridar kamfanin McClatchy sun ƙirga cewa daga cikin gidaje 350 da aka gina bayan 2008, kashi 51 cikin ɗari sun fita lafiya, alhali daga cikin gidaje dubu 12 da 100 da suka girmi dokar, kashi 18 kacal suka tsira. Masana da suka sake duba alƙaluman sun ƙara da cewa kusancin gida da wani gini mai ci yana daga cikin manyan abubuwan da suka yanke hukunci. Masana tattalin arziki biyu, Patrick Baylis da Judson Boomhower, sun nazarci gobara da dama, suka gano cewa haɗarin ƙonewar gidan da aka gina daga 2008 ya ragu da kimanin kashi 40 cikin ɗari in aka kwatanta da na 1990, kuma gidan maƙwabcinsa ma yana samun ɗan sauƙi. Gyaran gida ɗaya ba ya tsayawa a kan mai shi, haka sakacinsa.

Tsohon gida

Dokar 2008 ta sabon gini ce, mafi yawan gidajen jihar kuwa sun girme ta. A nan ne maganar gyaran gida ta shigo. Hukumomin kashe gobara sun jera ayyukan. Mafi tsada shi ne cire rufin katako a sa na kwano, ko na gasasshiyar laka, ko na kwalta mai juriya, sai kuma sauya tagogi zuwa gilashi ruɓi biyu. Masu sauƙin kuɗi su ne sa ragar da idanunta ba su wuce milimita 3 ba a kafofin iska, da kwashe ganye daga mazurari, da matsar da itacen girki nesa, da maye gurbin ɓangaren shingen da ya taɓa gida da ƙarfe, da shimfiɗa tsakuwa a mita ɗaya da rabi na farko daga gindin bango.

Shaida mafi shahara a kan tsohon gida ta fito ne daga wajen Kalifoniya, daga tsibiran Hawai. Ranar 8 ga Agusta, 2023, wuta ta cinye garin Lahaina, ta kashe kimanin mutum 100. Hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna wani gida mai jan rufi tsaye shi kaɗai a bakin teku, kewayensa duk toka. Gidan katako ne, ya kusa shekara 100. Masu shi sun yi masa kwaskwarima kafin gobarar: sun sa rufin ƙarfe mai kauri, sun sare ciyayin da ke jikin bango, sun jera duwatsu a kewaye. Sun ce tsoron gara da ruɓewar katako ne ya sa su, ba su da wuta a rai. Tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabta ta taimaka, sa'a ma ta taka rawa, amma garwashin da ya sauka bai sami abin kamawa ba.

Inda kuɗi ya shigo

Abin da ya haɗa wannan gyara da darajar gida shi ne inshora. A Amurka yawancin mutane da bashin banki suke sayen gida, banki kuma ba ya ba da bashi sai gidan yana da inshorar gobara. Gidan da kamfani ya ƙi karɓa, masu iya sayensa sun ragu, farashinsa kuma ya yi ƙasa. Bayan asarar 2017 da 2018, kamfanoni suka shiga ƙin sabunta wa mutanen tudu takardunsu. A watan Mayu na 2023, State Farm, wanda ya fi kowa yawan masu inshorar gida a jihar, ya sanar da daina karɓar sababbi. Dubban iyalai suka koma ga asusun FAIR Plan, wanda aka kafa tun 1968 domin waɗanda kowa ya ƙi, mai tsada kuma mai ƙarancin kariya.

Hukuma ta mayar da martani ta hanya biyu. Daga 2021, mai sayar da gidan da aka gina kafin 2010 a yankin haɗari dole ne ya sanar da mai saye, a rubuce, raunin da gidan ke da shi, kamar rufin katako ko taga mai gilashi falle ɗaya. A 2022 kuma kwamishinan inshora na jihar, Ricardo Lara, ya fitar da ƙa'idar da ta tilasta wa kamfanoni yin rangwame ga wanda ya gyara gidansa. Masu gidaje da dama sun koka cewa rangwamen bai taka kara ya karya ba in aka dubi kuɗin aikin. Duk da haka ma'auni ya juya. Rufin da a 1961 dillali ke nuna wa mai saye da alfahari, shekara 60 bayan haka ya shiga jerin aibobin da doka ta ce a bayyana kafin a sa hannu.

Mita ɗaya da rabi

A 2020 majalisar jihar ta yi dokar da ta ce a tsara ƙa'idar wannan mita ɗaya da rabi na gindin bango, inda garwashi ya fi taruwa. An sa ran kammala ta a farkon 2023, amma aka yi ta jan ƙafa, domin masu gidaje na jin tsadar aikin, masu lambu kuma ba su yarda a cire musu furanni da inuwa ba. Ranar 7 ga Janairu, 2025, iskar Santa Ana ta kora gobara biyu, ta Palisades da ta Eaton, cikin unguwannin Los Angeles da kewaye. Kimanin mutum 30 suka mutu, gine-gine fiye da dubu 16 suka ƙone, mafi yawansu tsofaffin gidaje ne da ke kusa da juna, wuta na tsallakawa daga wannan zuwa wancan ta shinge da taga. Unguwar Pacific Palisades ba ta da nisa da Brentwood, inda Nixon ya jiƙa rufinsa. A ranar da wutar ta zo, ƙa'idar ba ta fito ba. Wata guda bayan haka gwamna Gavin Newsom ya ba da umarnin a hanzarta ta.

Gardamar da aka yi a zaurukan sauraron jama'a cikin 2025 ta yi kama da wadda majalisar Berkeley ta saurara a 1923. Wani ɓangare na magana a kan kyan unguwa da kuɗin gyara da ƴancin mai gida, wani kuma na ƙirga kangwaye. A wancan karo rufi ake ja a kansa, kuma an ɗauki shekara 66 daga gobarar Berkeley kafin birnin Los Angeles ya hana na katako. A wannan karo maganar ta sauko ƙasa, ta tsaya a kan shingen da ya jingina da bango da kuma ƴar bishiyar da aka dasa a ƙarƙashin taga.